Lahadin da Masu Tele Suka Ɗauke Mini

Maraɗi zuwa Yamai

Ranar Litinin, tun ba a kira assalatu ba, na fito gida da akwati ɗaya da ƙunshin kilishi da yaji. Maƙwabciyata Ta Salla ta rako ni tasha da fitila a hannu, tana ta yi mini huɗuba. "Abu, in kin je ki riƙe bakinki, can ba kasuwar Maraɗi ba ce." Na ce mata ni da bakina tare muka zo duniya, tare za mu hau jirgi.

Ku matan ajinmu na yaƙi da jahilci, kun ce in na dawo in rubuta muku abin da na gani da hannuna. To ga shi. Mutanen unguwa na ce musu zan je duba zannuwa ne, amma ku kun san gaskiya. Ɗana na fari yana can. Ƙanin mijina Alhaji Idi ya ɗauke shi riƙo yana ɗan shekara bakwai, ya tafi da shi Liyon, a ƙasar Faransa. Sau ɗaya ya zo gida tun daga nan, da rasuwar ubansa. Ban taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran na yayana ba. Yaron Alhaji nake cewa.

Ya yi takardun ƙasar, sai suka ɗauke shi aikin soja na dole, a wani bariki can kusa da iyakar Jamus. Ba a sakinsa sai in ƙungiyarsu tana da wasa, wani wasan ƙwallo da ake kira rugubi. Alhaji Idi ya aiko mini da kaset ya tsara komai: Asabar da yamma ni da yaron mu iso Liyon, mu kwana gida ɗaya, Lahadi ƙarfe uku a yi wasa, ya koma bariki, ni kuma Talata in hau jirgi. Dare ɗaya da yini ɗaya. Don su na bar rumfata a hannun yara.

Babbar motar fasinja, wadda muke kira kar, ta tashi da mu rana na hudowa. Jandarma sun tsayar da mu a Birnin Ƙonni, sun tsayar da mu a Dogon Dutsi, a Doso ma aka sauko da kowa. Wani ɗan saurayi a cikinsu ya juya fasfona ya ce, "Tsohuwa, me za ki yi a Faransa?" Na ce, "Zan je in ga inda kuka koyo shanya mutane a rana." Direba ya dafe kai. Jandarman ya yi dariya ya miƙo mini abina. Bayan magariba muka shiga Yamai, na sauka gidan 'yar ƙanwata a Bukoki, na kwana biyu ina jiran jirgi.

Paris

Na jirgin sama ba zan ja muku ba: kujera ƙarama, abinci ba gishiri, kunnuwa sun toshe. Ranar Alhamis da safe muka sauka, sanyi ya mare ni tun daga bakin ƙofa. Alhaji Sani, mutumin Tawa, abokin kasuwancin Alhaji Idi, shi ya tare ni da motarsa ta ɗaukar kaya ya kai ni gidansa a Stains, wata unguwa ta dogayen benaye a bayan gari. Hawa na takwas suke. Matarsa Hajiya Rabi ta yi mini tuwon garin semul da miyar kuka, ta ba ni rigar sanyi da safa. Allah ya saka mata. Na tambaye ta ina tsakar gidansu, ta nuna mini taga.

Da yamma waya ta yi ƙara. Alhaji Sani ya ɗauka, na ji ya ce, "A'a, soja! Ina gajiya?" Suka shiga gaisuwa: ina aiki, ina sanyi, ina manyanku, ina labarin Alhaji. Ya gama ya miƙa wa Hajiya, ita ma ta soma daga farko. Sannan ta juyo ta ce, "Yaya Abu, zo ga yaronki."

Ina so in tashi da gudu. Amma ga maigida zaune, ga 'ya'yansu sun zuba mini ido. Sai na gyara ɗankwali, na ce, "Me zai gaya mini? Ku dai ku gaisa." Ta matsa, na ja jiki a hankali kamar wadda aka tilasta. Ina sa abin a kunne na ji murya mai kauri ta ce "Inna," sai ƙit. A rumfar wayar bariki yake, sulallansa sun ƙare a gaisuwa. Muka jira, bai sake samun layi ba. Ba wanda ya san da saƙo ya kira.

Jumma'a na bi Hajiya shagunan zannuwa ta jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na taɓa kaya, na yi ciniki da yatsu, na sayi turmi biyu don kada a ce na yi ƙarya. Raina ba ya wurin.

Asabar, hanyar Liyon

Muna shan shayi da burodi, na shirya sai bayan azahar in kama hanya, sai ga wayar Alhaji Idi. Wannan karon ni na fizge ta.

"Matata, wane jirgi kika hau da har yanzu kina Paris?"

"Wa ka aura? Ai sai yamma ka ce."

"Yaron bai gaya miki ba? An ja wasan baya! Yau ne, ƙarfe biyu. Masu tele ne za su nuna shi, sun ce Lahadi ba su da wuri. Bariki ma sun juya masa hutun, tun jiya yana nan gidana, yau da magariba zai koma."

Tun jiya. Daren da na ƙetare sahara dominsa an yi shi jiya, ni ina can ina taya atamfa. Ban yi kuka ba, na ce da Alhaji Sani ya tashi motarsa.

Ya kai ni babbar tashar da ake hawa jirgin Liyon, ya yankar mini tikiti, ya huda shi a wani ƙarfe, ya tura ni ciki da akwatina. Sabon jirgin ƙasa ne mai ruwan lemo, dogon hanci gare shi. Tafiyar ta kusa Maraɗi zuwa Doso, ya cinye ta a awa biyu. Gonaki kore shar, shanu farare masu ƙiba, ba makiyayi. Kowa na yaba gudunsa, ni kuwa gani nake yana rarrafe.

Liyon

Alhaji Idi na tsaye a tasha, ya yi tumbi, ya yi furfura. "Kin tsufa, matata." Na ce, "Kai kuma ka kumbura. Ina mota?" Ba mu bi ta gidansa na Vaulx-en-Velin ba, kai tsaye muka nufi fili. A hanya yake gaya mini yaron ya zauna jiya har abinci ya huce yana duban ƙofa, ya ɗauka na ji saƙo. Na ce ya kula da tuƙinsa.

Filin yana da rumfuna biyu manya masu kujerun katako, suna duban juna. Da na shiga sai na ɗauka mun yi sammako: mutane tsilli-tsilli, kamar kasuwa ranar ruwa. Wani tsohon Bature mai jar fuska, cikin shugabannin ƙungiyar, ya zo ya gaisa da Alhaji. Na ce a gaya masa ina da magana.

"Abu, don Allah."

"Ka fassara, kada ka rage ko kalma. Wa ya ba su izinin taɓa Lahadi?"

Tsohon ya cire hula ya sosa kai. Ya ce shi ma bai so ba. Tun yana yaro Lahadi ƙarfe uku ake wasa: an fito coci, an ci abinci, uba ya riƙo hannun ɗansa, rumfunan nan biyu su cika har a tsaya a bakin waya. Amma masu tele sun ce Lahadinsu ta sukuwar dawaki ce da sauran wasanni, in ana so a fito a akwati, sai Asabar da rana. Asabar kuwa masu shago na shago, masu kasuwa na kasuwa, yara yanzu suka taso lakwal, wato makarantar boko. Ya ce sun yi zama, sun yi ta musu har wani ya buga tebur ya fita. Wasu suka ce mutanen unguwa su ne ƙungiya, su ke zuwa ana ruwa ana ƙanƙara. Wasu suka ce sau nawa tele ke tuna ƙaramar ƙungiya irin tasu? In aka ƙi yau, ba za su sake tambaya ba, ga ɗan abin da za su bayar a gyara rufi, ga dubbai da za su gani a ɗakunansu.

Na ce, "Tambaye shi, waɗanda ke ɗaka, su yaran za su ji tafinsu?"

Tsohon ya ɗaga kafaɗa, ya ce a ba ni haƙuri. Na ce haƙuri ba ya mayar da daren jiya. Wannan Alhaji bai fassara ba, na gani a fuskarsa.

Sai ga wani cikin masu tele, mai ƙarfe a kunnuwa, yana kora mutane da hannu. Wai kowa ya tashi ya koma rumfa ɗaya, wadda na'urar ɗaukar hoto ke kallo, mu matsu a layukan ƙasa, don a gida a ga kamar wuri ya cika. Kun ji fa. Sun kore jama'a, sannan suna aron 'yan ragowar. Aka zaunar da ni a layin farko, dab da waya. Gabana an kafa wata sanda mai kai kamar jelar tunkiya. Na ɗauka abin share takalmi ne.

Suka fito. Ba sai an nuna mini shi ba, tafiyar ubansa ce sak. Ya ɗaga kai yana duba rumfa, ni kuma na sunkuyar da nawa ina gyara safa.

Wasan nan, in gaya muku, kokowa ce da ƙwallo. Ƙwallon kamar gwanda. Ba a jefa wa na gaba sai na baya, amma gaba ake son zuwa. Can sai ƙarti su haɗa kai su yi ta turin juna kamar raguna. Wurin shiru, kana jin numfashinsu, kana jin ƙashi na gamuwa da ƙashi. Alhaji na ta yi mini bayani, ban ji ko ɗaya ba. Mutum ɗaya nake kallo ta gefen mayafi.

Bayan an dawo hutu aka jefo masa ƙwallon. Ya rungume ya taho da gudu ta gefenmu, har ina ganin tururin bakinsa. Wasu biyu suka tare shi, ɗaya a ƙafa ɗaya a ƙirji, suka maka shi da ƙasa. Suka tashi. Shi bai tashi ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kama waya da hannu biyu na kira shi. Da sunansa na yanka, wanda liman ya raɗa masa ina ɗaka ina ji. Sau uku. Na ce, "Tashi! Tashi, ga ni nan!" Kada ku jira in rubuta sunan a nan, ba zan rubuta ba.

Mai soso da bokiti ya zo ya zuba masa ruwa a ƙeya. Ya zauna, ya girgiza kai, bai dubi mai soson ba, rumfa ya juyo yana nema. Da a ce Lahadi ce, wuri cike, ko na kusa da ni ba zai ji ni ba. Ya tashi ya koma cikinsu. Aka ce sun ci, ko an ci su, ban riƙe ba.

Alhaji Idi na share hawayen dariya. "Matata, kin san mene ne wannan sandar? Ita ke kai murya cikin tele. Faransa duka ta ji ki."

Tasha

Ba lokacin zuwa gida. Ya yi wanka ya sa kakinsa, muka raka shi tasha, muka zauna a wani ɗan shagon shayi. Alhaji ya ce zai je neman jarida, ya daɗe bai dawo ba. Na san da gangan ya yi.

Hausarsa ta yi nauyi, sai ya tsaya ya nemo kalma. Ya tambayi ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ko bishiyar ɗorawar gonarmu na nan. Na buɗe kilishi, ya ci yana hawayen yaji. Ina ta kallon goshinsa da ya kumbura, hannuna na cikin mayafi.

Da aka kira jirginsu ya durƙusa, ya ce, "Inna, ban taɓa ji a bakinki ba. Ki sake faɗa."

Na ce, "Tashi, jirginka zai tafi."

Ya yi murmushi ya hau. Ƙofa ta rufe, ya tsaya bayan gilashi. A nan na faɗa, a hankali. Ban sani ba ko ya gane motsin baki.

Lahadi na yini a gidan Alhaji Idi, matarsa ta yanka kaza. Waya ba ta huta ba. Hajiya Rabi ce ta fara: "Yaya Abu, muna zaune da baƙi muka ji ki raɗau!" Na ce in ta ga fuskata ta kawo shaida. Ƙarfe uku na yi na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Komowa

Litinin na koma Paris, Talata na hau jirgi, na ƙara kwana a Bukoki, jandarman Doso suka sake sauko da mu. Ranar Alhamis bayan la'asar kar ta ajiye ni a Maraɗi, yara suka ɗauki akwati da guɗa, na tarar da rumfata lafiya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Alhaji Sani da Hajiya Rabi, da Alhaji Idi duk da bakinsa, da malamarmu da ta sa hannun nan ya iya riƙe alkalami. Masu tele kuwa ban gode musu ba, ban kuma zage su ba, har yau ban san wanne suka cancanta ba.

Kuna ta tambayata yaya yake. Ya fi ubansa tsawo. Kunnensa na hagu ya lanƙwashe saboda wasan. Yana cin abinci da sauri kamar ana korarsa, in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Iyakar abin da na sani ke nan game da ɗana. Wadda ta san fiye da haka game da nata, ta gode wa Allah.