Inna Mai Kwalba, Wadda Ke Zuwa Neman Jini

Shekara talatin da ɗaya, kullum da safe, Inna Mai Kwalba tana sauka ɗakin gwajin jini da ke ƙarƙashin asibiti. Ɗakin ba taga. Firji na gurnani, kwalaben jini sun yi sahu, ita kuwa sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gaishe su da sunayen masu su. Masu shara sun ce in sun ji ta, tsigar jikinsu tashi take yi.

A bango akwai kalandar da take zagaye ranakun dawowa gwaji da jan biro. Akwai gwajin da ake yi wa mai yawan ɓari, wanda sai an maimaita bayan mako goma sha biyu. Mata da yawa ba sa dawowa. To, ita sai ta ɗauki jaka ta bi su.

Haka ta je gidan wani tela da matarsa ta yi ɓari huɗu. Kowane ɗa sai ya fara motsi, sannan cikin ya yi tsit. Uwar miji ce ta tare ƙofa.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Jinin surukarki na zo ɗauka."

"A'uzu billahi! Ashe ke ce! Huɗun da kika ci ba su ishe ki ba?"

Maganar ta soke ta, amma ba ta matsa ba. "Mama, ni ba mayya ba ce. Muna zaton garkuwar jikinta ce ke sa jini ya daskare a mabiyya, ɗa ya rasa abinci. A bar ni in tabbatar."

Can sai labule ya motsa, wani siririn hannu ya fito, ba fuska, ba magana. Inna ta durƙusa ta ɗaure shi, ta ɗebi jinin.

Gwaji ya tabbata. Likita ya ɗora matar kan allurar kullum, ciki na biyar ya zo duniya da ihu. Ranar sallamar Inna daga aiki, matar telan ta zo da 'yarta, ta tambayi abin da kowa ke tsoron tambaya.

"Inna, don me kike gaishe da kwalabe?"

"'Yar nan, nawa ɓarin shida ne. Ba wanda ya zo neman jinina."

Ke ce aka zaga a bakin ƙofa kika tsaya, Inna, uwar 'ya'yan da ba ki haifa ba. Mun gode, Allah ya saka miki.

Ku kuma da kuka gaji ɗakin, kalandar tana nan. Saura ranaku tara da ta zagaye da ja. Wani ya ɗauki jakar.