Butar Surukina a Duwatsun Hatta

Muna sallame sallar asuba muka bar unguwarmu ta Deira, mu uku: ni, da abokina ɗan Damagaram mai motar, da surukina, mahaifin matata. Tsohon ya zo Dubai ganin likita ne saboda ciwon suga, ya sauka a wurina. Likita ya ce ya riƙa tattaki. To, tattaki ina? Daga ƙofar gida zuwa Murshid Bazaar inda nake ɗaure kayan cargo, ba abin da za ka taka sai kwali, ga amalanke, ga 'yan dako suna ta "yalla, yalla" a bayanka. Rannan tsohon ya ce ya gaji da kallon gine-ginen gilashi, ƙasa yake so ya taka. Abokina ya ce akwai wuri a Hatta da aka keɓe, duwatsu da kwari, an hana gini, an hana sare itace, an fitar wa mutane hanyoyin ƙafa. Ni dai ranar hutuna barci nake so. Amma suruki ya yi magana, ka ce me?

Hanya lafiya lau, babu rami ko ɗaya. Bayan mun wuce Ras Al Khor gine-gine suka ƙare, sai jan yashi da raƙuma a bayan shingen waya. Can gaba yashin ma ya ƙare, baƙaƙen duwatsu suka tare gabanmu, tsirara, ko ciyawar kirki babu. Mun tsaya a wani ɗan shagon 'yan Indiya muka sha shayin madara mai kauri da suke ce wa karak, da waina irin tasu mai ƙwai, da araha fiye da na cikin gari. Baba ya sha maganinsa, ya ɗan gutsiri wainar ya ture, wai mai ya yi yawa. Na gani. Kunya ta sa na ɗauke kai.

Wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Allo ne a bakin shiga, abokina ya karanta mana: duk ruwan da ya sauka a kan duwatsun nan kwari yake bi ya taru a dam, shi ya sa ba a yarda a zubar da ko leda ba, kuma kada kowa ya bar hanya. Sun shafa fenti a jikin duwatsu, ka bi kala ɗaya ta kai ka ta dawo da kai. Turawa da 'yan Filifin sai wuce mu suke da gajeren wando da sanduna bibbiyu, kamar masu ciwon ƙafa. Mu kuwa kaftani da hula, Baba da jallabiya da takalmin fata. Iska mai sanyi, ga shiru. Na yi shekaru ban ji shiru ba. Baba har ya tsaya yana shafa wata bishiyar ƙaya, ya ce irinta ce a gonarsu.

Mun yi nisa, rana ta fara ɗagawa, sai Baba ya miƙo hannu ya karɓi butar da na riƙo don alwala. Muka juya baya ni da abokina, muka ƙura wa wani dutse ido kamar za mu saye shi.

Ku da kuke da surukai ku faɗa mini: idan surukinka ya kewaya da buta, yaushe ya halatta ka kira shi? Muka tsaya. Muka zauna. Muka sake tsayawa. Abokina ya ce, "Malam, anya?" Na ce tsoho ne, a bar shi. Inuwar da muke ciki ta janye ta bar mu a rana. Ya sake cewa, "Wallahi ko naƙuda ce ya ci a ce an haihu. Je ka duba." Na ce shi ya je. Ya ce, "Surukin wa?"

Na leƙa bayan dutsen da ido ɗaya. Babu kowa. Na leƙa na gaba, babu. Wayarsa layin Najeriya ce, ba ta aiki. Dabinon da muke ba shi idan suga ya faɗi yana cikin jakata. Ya sha magani, bai ci abinci ba. Abin da ya fara zuwa raina shi ne matata a Kano: da wane baki zan ce mata na kai mahaifinta daji na juya masa baya?

Na ɗaga murya na ce "Baba!" Duwatsu suka mayar mini. Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da na auri 'yarsa. Abokina ya ruga bakin shiga ya taho da wani ma'aikacin wurin mai rediyo a kafaɗa. Ma'aikacin ya tambaye mu me ya fitar da tsohon daga hanya. Muka kalli juna. Abokina ya kwatanta buta da hannu. Mutumin ya girgiza kai ya ce, "Habibi, ai akwai banɗaki a inda kuka ajiye mota." Ya yi magana a rediyo, shi ya hau sama inda zai hango ko'ina, mu ya ce mu gangara kwari.

Gangarar nan ba zan manta da ita ba. Tsakuwa tana zamewa, gwiwoyina suna ƙara, kaftani ya yage a ƙaya. Kowane dutse kamar ɗan'uwansa. Ina tafe ina salati, ina yi wa Allah alkawura iri-iri. Can ma'aikacin ya yi fito daga sama yana nuna mana gefen dama. Sai ga butar a kife a kan yashi. Gaba kaɗan, ga Baba a gindin wata bishiya, ya jingina, hula a cinya, gumi ya jiƙe jallabiya.

Ban gaishe shi ba. Na durƙusa na ɓare dabino na tura masa a baki da hannuna, na ɗora masa gorar ruwa. Na ga idonsa yana dawowa a hankali. Ni kuma na zauna daɓas a kan tsakuwa. Alhamdulillahi na yi ta cewa, ba na ma jin me ake faɗa.

Da ya samu kansa ya ba mu labari, yana kallon ƙasa. Wai dutsen farko da ya laɓe, yana ɗaga kai sai ga hanya a samansa, wata Baturiya tana ɗaga masa hannu. Ya tashi ya ƙara gaba. Can ma wata hanyar. "Dajin nasu ko'ina ido ne," in ji shi. Haka ya yi ta neman sutura har ya rasa inda ya fito. Ya ji kirana na farko sarai, amma wai yaya zai amsa wa suruki a wannan hali? Abokina ya juya baya, kafaɗunsa suna girgiza.

Hawowa ya gagare shi. Na ce, "Baba, ku hau bayana." Ya ce Allah ya kiyaye. Na ce, "To mu kwana a nan." Ya hau. Ashe tsohon ba shi da nauyi ko kaɗan, kwalin da nake ɗagawa kullum ya fi shi.

Mun ci shinkafa da kaza a garin Hatta, na zauna a kansa sai da ya cinye. La'asar muka shigo Deira, cunkoso da hon ɗin da nake zagi kullum, ranar kam daɗi suka yi mini.

Abin da na koyo gajere ne. Wurin nan ku je, ya cancanta, amma ku bi fenti, ku ciyar da tsoho kafin ku hau, ku nuna masa banɗaki ko da zai ɓata rai. Kunya abu ce mai kyau a zaure, amma a cikin duwatsu saura kaɗan ta kashe mini mutum, ni ina jin tasa, shi yana jin tawa.

Muna hawa bene Baba ya tsaya ya riƙe ƙarfen matattakala, bai kalle ni ba, ya ce, "Malam, wannan maganar ba ta mata ba ce." Na ce, "To, Baba." Matata ta kira bayan magariba tana tambaya yaya yawo. Ya karɓi wayar da kansa ya ce mata wuri ne mai kyau, sai dai mijinta ba ya iya tafiya, dole muka dawo da wuri.