Yaya Sallau da Cigiyar Gatarin Aradu

Duk mutumin Karmo da zai ce muku ya taɓa ganin fuskar Yaya Sallau a kan hanya, ku ce na ce ƙarya yake yi, tsakiyar kansa ya gani. Bawan Allahn nan bai taɓa tafiya da kai a miƙe ba. Ido a ƙasa, hannu a baya, aljihu biyu sun ja riga har wuyanta ya karkace. Ka yi masa sallama, takalminka zai amsa wa. Ni da muka fito ciki ɗaya, shi babba ni auta, sai ya zo ya wuce ni a bakin rumfata. In ce, "Yaya, ni ce fa!" Ya ce, "Na gane ki, Kande, ai na san babban yatsanki."

Tare muka baro ƙasar Zazzau lokacin da aka ce gwamnati za ta tashi daga Ikko ta dawo wannan jejin. Ni ina tuƙa wa leburori tuwo, kuma ba yabon kai ba, rabin benayen nan da kuke ɗaga kai kuna kallo da tuwona aka ɗora su. Shi kuwa aikinsa riƙe jan ƙyalle a gaban katafila, yana nuna wa direba inda zai bi. To can ne masifar ta same mu.

Ran nan ya dawo da wani baƙin dutse, sumul, bai fi tafin hannu ba, gefe guda da faɗi kamar bakin gatari. Ya ajiye mini a kan faifai.

"Kande, wani ya yar da kayansa."

"Dutse ne, Yaya. Ɗauke mini shi daga kan faifai."

"Dutse da baki? Taɓa nan."

Na taɓa. Wallahi da sauran kaifinsa. Ban san lokacin da na ce a'uzu billahi ba.

Bai ko ci tuwo ba ya nufi wurin Liman. Da ya je kuma bai fito da abin ba, sai ya ce, "Allah gafarta Malam, mutum ne ya tsinci gatari a jeji, mene ne hukuncinsa?" Liman, Allah ya ji ƙansa, ya ɗauka gatari ne irin na mutane, mai ƙota. Ya ce tsintuwa amana ce. A yi cigiyarta shekara guda a inda jama'a ke taruwa, wanda ya zo ya faɗi kamanninta daidai a ba shi, wanda kuma ya danne ta zai amsa tambaya ranar hisabi. Har Liman ya koma ga Allah yana cewa babu fatawar da ya yi nadama irin wannan, don me bai ce a nuna masa gatarin ba.

Ranar Juma'a ana sallamewa Yaya ya miƙe a ƙofar masallaci.

"Jama'a, cigiya! Wa ya yar da gatari a bayan inda ake fasa dutse?"

Masu saran itace suka yo kansa. Wannan ya ce ƙotarsa ta marke ce, wancan ya ce tasa ta tsage an ɗaure da waya. Yaya yana ta girgiza kai. "Ba shi da ƙota. Ba na ƙarfe ba ne." Mutane suka dubi juna. Da dai aka matsa masa ya fito da shi, sai wani Alhaji Bakatsine mai tireda ya yi tsalle baya har hularsa ta faɗi.

"Kai Sallau, ka rufa mana asiri! Wannan ai gatarin aradu ne, daga sama yake faɗowa in an yi tsawa!"

Yaya ya juya dutsen, ya shafa bakinsa, ya ce, "To Alhaji, wa ya wasa shi? A saman akwai mai wasa wuƙa ne?"

Alhaji ya ɗauki hularsa ya tafi. Ni ma dai tun muna yara haka aka gaya mana, na aradu ne.

Da guda ɗaya ne da da sauƙi. Amma katafila kullum tana tono, shi kuma kullum yana gabanta ido a ƙasa. Yau gatari, gobe dutsen niƙa har da ɗansa, jibi wasu ƙananan tsakuwoyi masu huda kamar na wuyan amarya. Har da wani kan mutum na yumɓu mai rami a ido, wanda na rantse ba zai riƙa kallona ina salla ba, sai da ya juya shi yana fuskantar bango. Kowace tsintuwa kuma da tata sabuwar shekarar. Kafin ta wannan ta cika ya tsinto wata. Ya zama babu Juma'ar da ba a jin muryarsa, har yara suka sa masa Sallau Cigiya. Ranar da rusau ya tashe mu daga zangon leburori muka dawo Karmo, mutumin nan duwatsu ya fara lodawa a mota. Tukwanena a kai na ɗauko su. Na ce, "Yaya, ko dutsen niƙan nan ka ba ni in riƙa markaɗa tattasai, ya rage zaman banza." Ya ce, "Kin nemi izinin matar?" Na ce wace matar? Ya ce ita yake nema.

Da cigiyar masallaci ta ƙi ci, sai ya ce ai Gwarawa muka tarar a nan, ƙila nasu ne. Akwai wata tsohuwa Bagwariya da ke kawo mini itace a kafaɗa, ta tsufa har ba ta san shekarunta ba. Ya shimfiɗa mata tabarma, ya zube buhu a gabanta, ya durƙusa.

"Iya, ki duba da kyau. Na kakanninku ne?"

Ta ɗaga wannan, ta shinshina wancan, ta ce, "Wannan ba namu ba. Kaka na shi ya noma, shi ya gani, shi ya jefar. Kai ma jefar."

"To wa kuka tarar da kuka zo?"

"Biri."

Har na ɗauka Yaya ya haƙura. Can sai ya juyo gare ni da gaskensa. "Kande, biri yana niƙa?"

Sau ɗaya tak aka sami mai cewa nasa ne. Wani mai maganin gargajiya ne daga Zuba, ya ji labari, shi kuma irin duwatsun nan yake jiƙa wa mutane. Ya zo da rawani da carbi, yana sallama yana matse ido, wai gatarin kakansa ne ya ɓata, sun daɗe suna nema. Yaya ya rasa inda zai sa kansa don murna, har shayi ya aika aka sayo. Mutumin ya faɗi kamanni, baƙi ne, sumul ne, da baki a gefe. Yaya ya ce, "Haka ne. Amma irinsa sun cika buhu, wanne ne naku?" Ya ce duka. Sai Yaya ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe sana'ar gidanku ce! Ni kuwa abin da ya hana ni sukuni ke nan, yadda ake yinsa." Ya fita ya ɗauko wani ƙaton dutse a bakin kwata, ya kawo ruwa a buta, ya dire a gabansa. "Yi mini guda ɗaya in gani." Ba fa gatse yake yi ba, shi har zuciyarsa so yake ya koya. Mutumin nan ya zauna yana goga dutse a kan dutse tun hantsi, rawani ya warware, yatsu suka saluɓe, 'yan unguwa an kewaye shi ana ba shi shawara. Da aka kira azahar ya ce bari ya kama ruwa. Har yau yana can yana kama ruwa. Butata ma da ita ya tafi.

Sai kuma wata 'yar boko daga jami'a, yarinya mai ladabi, da malafa a kan ɗankwali. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ga kayan, ta shiga ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ita ce ta gaya masa mutane ne suka yi su, tun kafin a san ƙarfe, da su suke saran itace suna gyara gona. Yaya ya kalle ni ya ce, "Kin ji ko? A gaya wa Alhaji." Sannan ya matsa kusa da ita.

"'Yata, ina zan same su?"

"Baba, ai sun rasu da daɗewa. Tun kafin a kafa Zazzau, tun kafin Kano."

"Inna lillahi. Ba wanda ya gaya mini. To magadansu fa?"

Ta yi ɗan tunani ta ce, "Ƙila mu duka ne, Baba. Ƙila kuma ba ko ɗayanmu."

"Wanne daga ciki?"

"Ba mu sani ba tukuna. Shi ya sa ake kai su gidan tarihi, gwamnati ta adana wa kowa."

"Gwamnati? Wadda ko tarewa ba ta gama yi ba? Ai na riga ta zuwa garin nan. Ita ma in nata ne ta zo ranar Juma'a ta faɗi kamanni."

Yarinyar ta yi dariya har da hawaye, ta zana su a takarda, ta ci tuwona ta ƙara, ta tafi. Ta bar mu cikin ruɗun da ya fi na da. Da can mai kaya ɗaya muke nema, yanzu an ce ko duk duniya ne ko ba kowa.

Daga nan ne tsoro ya shige shi sosai. Ya ce tunda masu kaya sun mutu, bari ya mayar da kowanne inda ya ɗauko shi. Ya ari baro ya loda. Aka yi rashin sa'a a makon ne ma'aikatan Ikko suke tarewa, manyan motoci cike da kujeru da kabad, ko'ina soja da 'yan sanda. Ya tura baronsa har ƙofar wata ma'aikata, ya tsaya yana auna ƙasa da ido. Maigadi ya taso.

"Baba, ina zuwa da duwatsu?"

"A nan na tsince su. Akwai wata ɗorawa a nan, gabas da ita kaɗan."

"Babu ɗorawa a nan, ofishin oga ne."

"To a ƙarƙashin ogan ne. Ka ce masa ya ɗan matsa."

Da ƙyar wani direba mai cin tuwo a wurina ya karɓe shi daga hannun 'yan sanda, ya rantse musu ba jifa ya zo yi ba. Yaya ya dawo da yamma, baro cike yadda ya tafi, har da ƙarin guda ɗaya da ya tsinta a hanya. Ya zauna a dakali ya ce, "Kande, ban gane ko'ina ba. Duk sun shafe da kwalta." Ran nan ban tsokane shi ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, wata la'asar ina ba shi kunu, ya riƙe mini hannu.

"Ko mutum ɗaya ban samu ba. In an tambaye ni me zan ce?"

Na ce, "Ka ce ka yi cigiya. In ana son shaida a taso Karmo gaba ɗaya, har waɗanda ka hana barcin rana."

Ya yi murmushi. Bai ƙara kwana da yawa ba.

Bayan addu'ar bakwai aka zo rabon gado, riga biyu da rediyo, sai buhunan nan. Sabon Liman ya duba ya ce wannan ba dukiyar mamaci ba ce, ba ta shiga gado, amana ce, tana komawa wuyan wanda ya fi kusa da shi. Kowa ya juyo yana kallona. Ni! Da wannan gwiwar zan tsaya ƙofar masallaci ina kiran wa ya yar da gatari? Na sa aka nemo mini 'yar jami'ar nan, aka ce ofishinsu ya tashi, wani ya ce Jos, wani ya ce Kaduna, wani ya ce ai ba a taɓa yin ofishin ba.

Sai na tambayi mata masu itace ko akwai inda katafila ba za ta iya hawa ba. Suka kai ni wani tsauni can bayan unguwar Dutse Alhaji. Na hau da rarrafe, su suna ɗauke da buhuna a kafaɗa. A saman muka tarar da wani fa, faffaɗan dutse a shimfiɗe, duk ramukan niƙa a jikinsa, sumul, a jere kamar mata sun tashi yanzu sun shiga gida, ga wasu dogayen duwatsu an kakkafa a kewaye. Na ce wa ya yi wannan? Suka ce su ma haka suka gani. Na ce to madalla, ko ba su ba ne maƙwabtansu ne. Muka tona rami a gindin fan, muka jera kayan ɗaya bayan ɗaya, muka rufe. Na tsaya na ɗaga murya na ce, "Masu kaya, ga kayanku nan. Kuna ƙasa, wanda ya tsinta yana ƙasa, sai ku daidaita a tsakaninku. Ni Kande na fita." Matan nan suka yi ta dariya, ni ma ina yi, sai na ji haɓar zanena ta jiƙe da hawaye.

Har gobe ban san ko su waye ba, ban kuma san ko daidai na yi ba. Abin da na sani, ɗan'uwana bai taɓa cin ko tsinken wani ba, na rayayye ko na matacce. Ya Allah, kai ka san masu kayan nan da sunayensu, ka isar musu cewa an nema. Ka sauke wa Yaya Sallau wannan nauyi, ka yalwata masa makwanci, ka sa ya huta. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.