Shamuwar da Aka Kawo wa Tsoho Har Ɗaki

Akwai wata bazara da ko na tsufa na ruɗe ba na jin za ta fice mini daga rai. A shekarar ne 'yata ta fara ɗaukar hoton tsuntsaye da wata tsohuwar wayata. Hotunan nata kuwa sai reshe da sararin sama, wani lokacin da 'yar wutsiyar kurciya a gefe. Da ta hango tsuntsu sai ta ruga, shi kuma ya tashi. Nakan tsokane ta in ce, "Ke kam bishiyoyin Gumel sun gode."

Da aka yi hutu muka je Ɗanzomo wajen mahaifina. Tun ina yaro, sai ya ga shamuwa da idonsa a tsamiyar bayan gari yake cewa a share gona, a fito da iri. A shekarar ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Ƙannena suka ce masa ta sauka, ya ce shi ba a ba shi labarin shamuwa. Maƙwabta har sun gama shara, mu irinmu na cikin rumbu, ga hadari ya fara haɗuwa. Hankalina ya tashi, don na san taurin kan tsohon nan.

Sai yarinyar ta ce, "Kaka, ni zan kawo maka ita."

Ya yi dariya. "Amarya, da wannan gudun naki? Je ki zauna nesa kaɗan, rana tana bayanki. Kada ki zura mata ido. Ki yi kamar tsinke kike nema a ƙasa."

Kullum da safe take fita tare da gwaggonta. Yau ta dawo da hoton ganye, gobe da ƙafafu. Ran nan ina ɗakin tsohon sai ga ta, ba gudu ba hayaniya, ta miƙa masa wayar. Shamuwa ce tsaf, baƙin bayanta yana sheƙi, da tsinke a baki tana gyara sheƙa.

Tsoho ya daɗe yana kallo. Ya share ido da hannun riga, ya ce, "Ita ce. Ku buɗe rumbu."

Wallahi ranar daɗi ya kusa sa ni kuka. Tun daga nan na gane cewa abin da yaro ya nace a kai ba a saurin kiransa shirme, domin ba ka san ranar da gida zai buƙace shi ba.