Ƙofa ta Uku a Gidan Shekara

Shekara tana da shekara hamsin da takwas, kuma ita ce mai gidan wasa da ke bayan tasha a Matameye. Zabiya ce a da. Da muryarta ta soma gajiya, sai ta sayi wani dogon fili inda aka taɓa tara gyaɗa, ta kewaye shi da zana, ta sa bencuna. Ranar kasuwa mutanen Dawce da Icirnawa da Yauri sukan biya su ji kalangu da gurmi, su kalli rawa da wasan kwaikwayo kafin su kama hanya. Wurin na manya ne, yara ba sa shiga. Mutum goma sha huɗu ne ke cin abinci da gidan, har da mai shara.

Bara majalisar gari ta ce kowane gida irin wannan sai ya sami takardar izini daga meri, wato ma'aikatar magajin gari. Sharuɗɗan ba su da wuyar ganewa. A yi katanga maimakon zana, a sa mai duba katin shaida a ƙofa, kada a taɓa ganga sai an idar da sallar isha'i. Na ƙarshe shi ne gidan ya yi nisan metir ɗari da makaranta ko masallaci.

Shekara ba ta yi gardama ba. Ta ce wanda bai da takarda kullum a tsorace yake buɗe ƙofa, ita kuwa ta wuce shekarun ɓuya. Ta sayar da shanunta biyu ta ja katangar bulo. Sannan aka turo Isufu, ma'aikacin meri mai awo, wanda ta sani tun yana ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko.

Isufu ya auna zuwa makaranta ya sami fiye da metir ɗari uku. Masallacin unguwa ya fi haka nisa. Yana naɗe igiyar awonsa sai ya hangi wata rumfar kwano a ƙarƙashin bishiyar bedi, gabas da ƙofar gidan, da tabarmi da butoci a jere. Ya tambaya ko mene ne wancan. Ya auna, metir talatin da ɗaya.

Tarihin rumfar gajere ne. Shekara goma sha biyu da suka wuce, Kadiri, babban makaɗin gidan, ya ɗauko bulo takwas ya jera a gindin bedin don shi da abokan kiɗansa su riƙa sallar isha'i kafin su fara aiki. Mai shayi ya bi su, masu gyaran babur suka biyo. Wani Alhaji mai sayar da taki ya sa kwano. Yau ana salloli biyar a wurin, akwai liman, Malam Sa'adu, kuma rabin masu sallar ba su taɓa leƙa gidan wasan ba.

"Inna, wannan masallaci ne," in ji Isufu. "Ko na rufe ido, igiya ba ta rufewa."

Aka rufe gidan har sai an daidaita.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba. Wani ya ce a kwance kwanon a kwashe bulon na kwana biyu, in an sa hannu a takarda a mayar. Kadiri da kansa ya zo ya tsuguna ya ce shi ya jawo, shi ya jera bulon, don haka shi zai kwashe abinsa.

"Naka ne ranar da ka jera," ta ce masa. "Yau na mai shayi ne. Ka taɓa bulo ɗaya, ka nemi wata uwar ɗakin."

Ta je wurin Malam Sa'adu. Wasu sun zaci roƙonsa za ta yi ya rubuta cewa wurin ba masallaci ba ne. Malamin ya ce da ta roƙa ma ba zai rubuta ba, amma ba ta roƙa ba. Ya gaya mata in jama'a sun yarda ana iya mayar da wurin salla wani wuri. Ta yi godiya, ta ce ba za a ce a garin nan an tashi masu salla saboda kalangun Shekara ba.

Wata biyu gidan na rufe. 'Yan rawa biyu suka tafi Damagaram. Mai gurmi ya koma noman rani. Kadiri yana bin bukukuwan suna da kalangunsa a hammata.

Shekara ba ta iya karatun Faransanci ba, amma ta sa Isufu ya karanta mata sharaɗin nisan nan sau uku, a hankali, yana fassarawa. A karo na uku ta tsayar da shi. Takardar ta ce daga ƙofa zuwa ƙofa, a bi hanyar da mutane ke bi da ƙafa. Ta tambaye shi ko takardar ta faɗi inda ƙofar gidanta za ta kasance. Ya duba, ya ce ba ta faɗa ba. Ya ƙara da cewa ba wayo za a yi wa doka ba, abin da ake gudu shi ne masu shiga gidan wasa su riƙa gogayya da masu alwala, kuma kiɗa ya riƙa shiga kunnen masu salla. Ta ce ita ma abin da take gudu ke nan.

Filin nata dogo ne, daga gabas zuwa yamma. Ta kira magini ya toshe ƙofar gabas, ya fasa wata a katangar kudu, can wajen ƙarshe. Ta kwashe dandalin kiɗa ta mayar da shi ƙuryar yamma, ta juya lasifika ta fuskanci gonaki. Isufu ya zo da igiyarsa, 'yan tasha suna biye da shi suna kallo. Metir casa'in da huɗu.

Wani ɗan kamasho ya ce ai shida ba komai ba ce, Isufu ya ɗan ja igiyar da ƙarfi mana. Shekara ta ce a bar masa igiyarsa yadda take, ita ba ta son takardar da za ta riƙa sunkuyar da kai in an ambace ta. Da yammacin ranar ta aro igiyar guga, ta gwada ta da ta Isufu, ta ƙulla mata ƙulli kowane metir goma. Ta kwana uku tana zagaya katangarta da ita.

Ta sa aka toshe ta kudu, aka fasa wata. Ƙofa ta uku a katangar yamma take, tana kallon gonar gero, kuma sai da ta sa aka sare ƙaya aka share hanya kafin a iya zuwa wurin. Isufu ya auna sau biyu, ya sami ɗari da bakwai. Majalisa ta zauna a watan jiya, konseye ɗaya cikin 'yan majalisar ya ƙi, sauran suka yarda. Takardar tana rataye cikin gilashi a bakin sabuwar ƙofar. Ɗaya daga 'yan rawar ta dawo, ɗayar ta yi aure a Damagaram.

Kadiri ne kawai ke ƙorafi. Yana cewa shi da ya gina masallaci a bakin ƙofa, yanzu sai ya yi tafiya kamar mai zuwa garin Kance kafin ya yi salla, ga gwiwa ta ƙi.

Ranar Talatar da ta wuce, da la'asar, Shekara ta iso ta same shi ya shimfiɗa buzu a inuwar katanga, dab da sabuwar ƙofar, ya ajiye rabin bulo a gabansa. Ta tsaya a gefe har ya sallame, ya shafa addu'a. Sannan ta sunkuya ta ɗauke bulon.

"Allah ya karɓa, Kadiri," ta ce. "Amma katangata ta ƙare, ba ni da inda zan fasa ta huɗu."

Ta shiga da bulon cikin gida ta tokare ƙafar benci da shi.