Tafintan Malam Agogo

A kamfaninmu na gyaran firji da na'urorin sanyaya ɗaki, ba mai kiransa da sunan yanka. Malam Agogo muke ce masa, domin in ya ce mai gyara zai iso gidanka ƙarfe goma, to ka buɗe ƙofa goma saura biyar.

Shi ma da mai gyara ne. Shekara goma sha tara yana hawa tsani da jakar kayan aiki a kafaɗa, har hawan jinin ido ya soma cin ganinsa daga gefe-gefe. Ranar da ya kai ƙafa ya taka iska ya dawo gida da tsagewar ƙashi, matarsa ta ɓoye jakar, ta ce ya zaɓa, ko ita ko tsani. Ya zaɓe ta. Tsohon mai kamfanin bai sallame shi ba. Ya ba shi tebur kusa da taga a hawa na biyu, ya ce ya riƙa raba wa masu gyara aiki.

Lokacin da na zo kamfanin a matsayin mai kula da kwamfutoci, ganinsa ya riga ya tafi gaba ɗaya. Na tarar da shi da abin saurare a kunne ɗaya, yatsunsa na gudu a kan kibod. Akwai wata manhaja da ke karanta masa abin da ke kan allo, ya ƙure mata sauri har ni ba na tsintar ko kalma ɗaya. Da wata tsohuwar manhajar imel da kalanda yake aiki, mara kwalliya, wadda ya san lungunanta kamar ɗakinsa. Masu gyara goma sha huɗu ne a hannunsa. Ya san mai tsoron karnuka, ya san wanda ba a haɗa shi mota ɗaya da surukinsa.

"Injiniya," ya ce mini ranar farko, "allon nan nawa ki ba mai bukata. Ni ado kawai yake mini."

Bayan shekara biyu wani babban kamfani ya saye namu. Aka kwashe imel da kalandarmu aka mayar kan babbar kwamfutarsu da ke hedkwata, ita kuwa ba ta magana da kowace manhaja sai tasu. Ni da hannuna na bi tebur-tebur na sa wa kowa sabuwar. Da na zo kansa na tambaye shi ko komai lafiya, ya ce lafiya lau. Ban tsaya na saurara ba, na wuce. Wannan sakacin nawa ne.

Ashe muryar da ke masa karatu ba ta gane sabuwar manhajar. Duk inda ya taɓa sai ta ce "maɓalli, maɓalli, hoto". Kwana takwas yana ɓoye wannan. Yakan kira masu gyara ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaisuwa, ya tatsi abin da suka gani a wayoyinsu, ya haddace. A gida matarsa ta lura ya daina cin abinci sosai, ta tambaye shi, ya ce zafi ne.

A rana ta tara hedkwata ta sauya ranar wani aiki a kalanda, daga Alhamis zuwa Laraba. Ɗakin sanyi ne na wata mai sayar da kifi. Malam Agogo bai san an sauya ba, don haka ba wanda ya je. Matar ta zo ofis da kanta, ta zazzage wa manaja kwandon masifa, shi kuma ya kira Malam Agogo.

"Baba, ka yi wa kamfanin nan hidima," in ji manaja. "Me zai hana ka koma ƙasa wurin karɓar baƙi, ka ɗan huta?"

Malam Agogo ya dawo teburinsa ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa. Ban taɓa ganin yatsun nan a tsaye ba. Na jawo kujera.

"Baba, ara mini abin kunnen nan."

Na saurara minti ɗaya, kunya ta rufe ni.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"'Yata, sababbin iyayen gida sun zo suna duba wa za a rage. Makaho ne zai fara ɗaga hannu ya ce ba ya iyawa?"

Na roƙi manaja ya ba ni kwana uku. Na san akwai wata 'yar manhaja kyauta da wasu masu sa kai suka rubuta, wadda ke tsayawa tsakani. Tsohuwar manhajarka ta yi mata magana da yaren da kowace manhajar imel ke ji, ita kuma ta juya ta gaya wa babbar kwamfutar kamfani da nata yaren, ta karɓo amsa ta dawo da ita. Da na yi masa bayani sai ya ce, "Au, tafinta kenan." Sunan ya bi ta.

Na sa ta a kwamfutarsa ranar Juma'a da safe. Ya buɗe tsohuwar manhajarsa, saƙonni ɗari biyu da wani abu suka zubo. Ya saurari na farko, ya saurari na biyu, sannan ya cire abin kunnen ya ce zai je ya wanke fuska. Ya daɗe bai dawo ba.

Da ya dawo ya shiga kalanda, bai yi minti biyar ba ya ɗago kai.

"Injiniya, tafintan nan naki yana ƙarin gishiri. Asibitin yara ba sa yarda a taɓa musu na'ura kafin tara. Shi ya ce takwas."

Gaskiyarsa. Na kuskure saitin lokaci, komai ya ja baya da awa ɗaya. Ni da idanuna biyu ban gani ba.

Ba a yi wata ba hedkwata ta gano. Suka turo jami'in tsaron kwamfutocinsu, wani siririn mutum mai ladabi, ya ce dokarsu ta hana manhajar da ba su tantance ba. Bai yi ƙarya ba, don ta cikinta kalmar sirri ke wucewa. Na fara kawo hujjoji, Malam Agogo ya dakatar da ni. Ya tashi daga kujerarsa.

"Ranka ya daɗe, bismilla zauna. Ga taku manhajar. Zan kashe allo, ka buɗe mini saƙo ɗaya kacal."

Mutumin ya zauna, ya sa abin kunne. Muka tsaya muna kallonsa yana danne-danne. Bayan kamar minti goma ya cire, ya share goshi.

"Baba, kwana nawa ka yi a haka?"

"Takwas. Na tara ne ya tona ni."

Jami'in ya kwashe yinin nan yana bincikar tafinta. Daga ƙarshe ya sa hannu bisa sharaɗi: a kwamfuta ɗaya kawai, kuma kada manhajar ta ajiye kalmar sirri. Ya ce zai rubuta wa masu manhajarsu su gyara. Ya rubuta ɗin, na ga takardar. Gyaran dai bai zo ba har Malam Agogo ya bar aiki.

Shekara huɗu ya ƙara a teburin nan. Ba kullum ake shan daɗi ba. Duk lokacin da hedkwata ta sauya wani abu, tafinta sai ya yi gum, Baba ya leƙo ofishina ya ce, "Mutuminki ya shiga yajin aiki." Wani lokaci awa ɗaya, wani lokaci kwana biyu ina jiran masu sa kan nan su fitar da gyara. Amma bai ƙara ɓoye mini komai ba.

Bara ya yi ritaya, gwiwoyi sun gaji da matakala. Yanzu yana zama a shagon ƙaninsa mai sayar da kayan lantarki, yana amsa waya, yana faɗa wa masu saye abin da ke damun firjinsu daga jin ƙararsa kawai. Ƙanin ya ce ciniki ya ragu, don rabin masu zuwa, yayan nasa yakan gaya musu ba sai sun sayi komai ba, su dai goge ƙura.

Makon jiya ya kira ni ina tsakiyar cin abincin rana. Ya ce akwai wata malama a ƙungiyarsu ta masu lalurar gani, sakatariya ce a wata makaranta, an sauya musu manhaja, yau kwananta biyar tana cewa lafiya lau.

"Na ba ta lambarki," ya ce. "Ba za ta kira ba, na san halinmu. Ke ki kira ta."

Na ajiye cokali na ce ya karanto mini lambar.