Dagin Baba a Tsohon Garin Jidda

Mun tashi da asuba daga Khumra, ni da Inna, a bayan wata motar wanet mai kai gawayi cikin gari. Hanyar rabi kwalta ce rabi rairayi, direban kuwa kamar sun yi faɗa da burki. Mako biyu ina lallashin Inna ta haƙura, ga tsufa ga yanar ido. Amma tun da ta ji za a rushe wasu gidajen tsohon gari don fitar da titi, ta ce ko da rarrafe sai ta je.

Dutse guda ne ya kai mu. Babana magini ne, ya yi aiki da dutsen murjani da ake yankowa a bakin teku. Mutanenmu da suka ƙetaro daga Sudan, in sun gama gida, kowa yakan zana alamarsa a jikin dutse kusa da ƙofa. Tasa dagi ce. A ƙasar nan ba a sa wa kabari alama, don haka wannan dagin ne kaɗai ya rage mana.

A Bab Makka muka karya da waken ful da gurasar tamis mai zafi, da araha har na ƙara. Daga nan muka faɗa lunguna. Gidaje hawa huɗu sun jingina da juna kamar tsofaffi a sahu, tagoginsu na katako sun turo ciki waje. Warin kifi da ƙamshin lubban suna kokawa, gumi kuwa ko a inuwa bai ƙyale ni ba. Ni mai ido na ɓata sau uku, Inna ce ta gane gidan da koren ƙyaurensa. An riga an shafa wa bangon jan fenti, alamar rushewa.

Ta ce dagin yana daidai ƙirjin Baba. Na kankare farar ƙasa hagu da dama har farcena ya yi jini, ban ga komai ba. Mai gadin gidan ya gaji da mu, ya ce da Larabci babu komai a nan, mu tafi.

"Halas ya hajja, ma fi shai. Yalla!"

"Ɗana, ko za ka kira askari ya kama ni, ina nan," in ji Inna.

Sai wata tsohuwa ta zuro mana ruwa a kwando daga tagar sama, ta tambayi abin da muke nema. Da na faɗa mata ta yi dariya. Ta ce ran da aka kawo ta amarya, matakala uku ake hawa kafin a shiga, cikon ƙasa ya binne su duka.

Inna ta durƙusa tana lalube. Daidai gwiwa yatsunta suka tsaya.

"Malam, ina wuni?" ta ce a hankali. "Na daɗe ban zo ba."

Na juya baya na yi kuka, ban ji kunyar mai gadi ba.

Mun dawo gida bayan la'asar, Inna na ta gyangyaɗi. Tafiyar ta koya mini cewa gari yana tashi sama ya bar mutanensa a ƙasa, mai nemansu sai ya durƙusa. Na riga na ari amalanke da guduma don ciro dutsen. Ranar da katafila ta zo, a ƙofar za ta same ni.